Motar da Ba Ta Son Inuwa

A cikin kwata na fara sanin darajar motar Uwaisu. Ina tsaye a tsakiyar layinmu na Limawa da kofin shayi a hannu, ina ba 'yan teburin mai shayi labarin maƙwabcina ya taɓu, ya cire wa mota inji ya ce rana ce za ta riƙa tura ta. Ina cikin kwaikwayon yadda yake ɗaga kai yana harar gajimare, sai na ga kowa ya yi shiru yana kallon bayana. Na waiwaya, ga hancin mota ya kusa taɓa babbar rigata, ba ƙara ba hayaƙi, ga Uwaisu ya dafa sitiyari yana saurarona. Tsallen da na yi ko ina yaro ban taɓa yin irinsa ba. Takalmi ɗaya ya tsaya a hanya, ni da shayin da ɗaya takalmin muka sauka a kwata. Uwaisu ya leƙo ta taga ya dube ni. Ya jira na fito, sannan ya wuce a hankali kamar mai rakiyar gawa.

To, tunda na sha ruwan kwata a kanta, na samu izinin ba da labarin mai ita.

Uwaisu Rewaya ake ce masa, don gyaran wayar mota ce sana'arsa. A wani ƙauye na ƙasar Buji da ake kira Gidan Tudu aka haife shi. Mahaifinsa ya rasu Uwaisu yana ɗan saurayi, ya tafi Kano ya koyi aiki a gareji, ya dawo daidai lokacin da aka mai da Dutse babban birnin jiha, motocin gwamnati suka cika garin da a da ba abin da ya fi shahara da shi sai duwatsu da dabino. Ya kafa rumfa kusa da tasha. Mutum ne mai nauyin baki. In ka kai masa mota ka yi ta zuba bayani, sai ya bari ka gaji, ya ɗaga bonet ya taɓa waya ɗaya ya ce, "Tayar." Da ya samu ya gina ɗakuna biyu a Limawa ya auri Bilki, sai ya je ya ɗauko mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Iya.

Wannan ɗaukowar ce mafarin komai. Lokacin wahalar mai ne, direbobi na kwana a layin gidan mai, wanda ya samu a hannun 'yan bumburutu sai ya ɓoye jarka ƙarƙashin kujera. A kan irin wannan kujerar aka zaunar da Iya, ita kuwa tana da fuka tun tana budurwa. Kafin a shigo Dutse numfashinta ya koma kamar ana jan zarto. Maimakon gida, asibiti aka sauke ta. Ta tashi, amma daga ranar ƙirjinta ya ƙulla gaba da fetur. Ko babur ya tsaya a ƙofar gida da inji a kunne sai an ji tarinta. Shi kansa Uwaisu, kafin ya shiga gaishe ta, sai ya tuɓe kayan aiki a zaure ya wanke hannu da toka.

Iya 'yar tagwaye ce. Ɗan'uwan haihuwarta, Kawu Hussaini, yana can Gidan Tudu. Da farko shi yake zuwa, duk bayan kaka, da buhun gero da ƙullin daddawa. Sai ɓarin jikinsa ya shanye, daga baya ido ma ya tafi. Shi ba ya ɗaukuwa, ita ba ta shiga mota. An taɓa gwada amalanken shanu, amma ba a yi nisa da gari ba rana da girgiza da ƙurar kofato suka sa aka juyo da ita tana haki. Zumunci ya koma hannun fatake masu cin kasuwar Shuwarin. Ta aika goro da dabino, a kawo mata gyaɗa da gaisuwa. In ɗan aiken ya zo sai ta tsare shi da tambayoyin da ba su da kai: ya yi furfura sosai? Har yanzu yana ƙin miyar kuɓewa? Wa ke yanke masa farce?

Ba ta taɓa roƙon ɗanta komai ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, "kai wannan" take ce masa. Sai wata rana ta faɗa wa Bilki abin da ke ranta, suna tsince shinkafa, shi kuma yana zaure yana wanke hannu ya ji. Ta ce, "Tare muka zo duniya da mutumin nan. Ban sani ba ko za a bar mu mu yi sallama."

Bai shiga gaishe ta ba ranar. Ya daɗe tsugune da toka a hannu.

A bayan tasha akwai wata tsohuwar mota kombi da ta shekara a kan duwatsu. Asalinta ta wani Bature ce mai aikin rijiyoyin burtsatse, wanda ya yi mata gado da ɗan kabad da labule yana kwana a ciki. Daga hannunsa ta faɗa hannun wasu 'yan dirama masu yawon kasuwanni, har gurɓataccen mai ya kashe mata inji. Da aka ƙaddamar da shari'a 'yan diramar suka watse, shugabansu ya bar gemu ya koma sayar da turare, ya ce wa Uwaisu ya ɗauke ta ko don kada a riƙa tuna masa da ita. Abin da Uwaisu ya gani a jikinta gadon nan ne, da rufi, da tagogi masu rufuwa. Ɗaki ne mai ƙafa huɗu. Abin da ya rage shi ne a samu abin da zai ja ɗakin ba tare da wari ba.

A nan Seth ya shigo. Mutumin Filato ne, mai gyaran firji, kuma ya taɓa aiki da wasu Turawa masu ajiye allurar rigakafi a firjin da ke aiki da hasken rana. Shi ya san inda za a yi gwanjon tsofaffin allunan sola da aka gama da su, shi kuma ya fara ce wa Uwaisu abin ba zai yiwu ba.

"Maigida, wannan allo firji yake ɗauka, ba mota ba. In ka cika rufin nan da shi, sai ka yi kwanaki kana shanya kafin ka yi tafiyar da jaki zai yi da safe ɗaya."

Uwaisu ya ce, "Ina da kwanakin."

"To in hadari ya taso fa?"

"Sai mu jira."

Seth ya dube shi ya yi dariya ya ce, "Wallahi ku mutanen nan." Kuma washegari ya zo da abin awonsa.

Injin lantarkin a Kano Uwaisu ya samo shi, wajen masu sayar da tsohon ƙarfe, daga jikin motar ɗaga kaya ta wata masaƙa da ta rufe. Ya sauke mataccen injin kombi, ya bar giyar, ya sa aka fafe masa farantin ƙarfe da zai haɗa su. Batura na tirela ne, ya jera su ƙarƙashin daɓen motar. Totur kuwa babu irin wanda muka sani. Mataki uku ya yi mata kamar fanka: ɗaya, biyu, uku. Ranar gwajin farko ya danna ɗaya, motar ta zabura ta rungumi katangar maƙwabta. Wata rana sifana ta faɗi a kan kawunan batir, ta narke, ta tafi da rabin gemunsa. Mu kuwa 'yan layi mun samu abin hira. Wani ya ce ya sa mata igiya ya riƙa biyan NEPA, wani ya ce in dare ya yi sai ta koma gida da kaji. Da ta fara tafiya yara suka sa mata suna Bebiya, har sai da ya rataya mata ƙararrawar keke don awaki ba sa kauce mata.

Duk wannan bai dame shi ba kamar hancin Iya. Ya cire tankin mai ya yar. Ya kankare daɓe, ya wanke da toka da lemon tsami, ya canza katifa. Aka riƙo Iya ta zo ta leƙa kai ta ƙofa, ta ja numfashi sau ɗaya ta ce, "Akwai wani abu mai yaji." Ruwan batir ne. Ya koma ya ƙera wa baturan akwatin katako ya liƙe, ya fitar da bututu ta baya. Ta sake zuwa, ta shinshina, ta zauna a bakin gadon, ta shafa labulen. Ta daɗe. Sannan ta dubi Bilki, ba shi ba, ta ce, "A jiƙa mini gero, zan yi wa mutumin can fura da hannuna."

A ƙarshen bazara suka tashi, don lokacin ne rana ta fi ƙarfi. Tsarin tafiyar ɗaya ne kullum. Su tashi da sassafe a mataki na ɗaya, Iya na kwance fanka na kaɗa ta, har allurar awon batir ta sauka. Duk ƙauyen da ƙarfin ya ƙare, nan ne masauki. Sai ya shimfiɗa wa Iya tabarma a inuwa, ya kai motar tsakiyar fili inda ko kare ba ya tsayawa, ya goge allunan da tsumma, ya zauna jira. Wani wurin kwana biyu, wani wurin fiye. Masu keke suna wuce su, su je kasuwa su dawo su tarar da su. Iya ba ta yi tari ba ko sau ɗaya. Har ta fara nuna masa itatuwa tana faɗin wanda aka yi wa biki a ƙarƙashinsu.

Masaukinsu na ƙarshe wani ɗan ƙauye ne da fadama ce kawai ta raba shi da Gidan Tudu. Ranar Alhamis suka isa, batura sun yi ƙasa. Mai unguwar garin dattijo ne mai son baƙi, ya san mahaifin Uwaisu. Ya sa aka shigar da Iya cikin gida wajen mata, aka yanka zakara. Da ya ga inda aka ajiye motar sai ransa ya ɓaci.

"Haba ɗana, ga tsamiya ga rumfa, ka bar abin hawanka a rana kamar ba ka da kowa a garin?"

Uwaisu ya ce, "Baba, a bar ta nan. Ranar take so, ita ce abincinta."

Mai unguwa ya yi murmushi ya ce, "To, to. Allah ya yi maka albarka."

Uwaisu ya ɗauka an fahimce shi. Shi kuwa dattijo abin da ya ji shi ne abin da kowane baƙon kirki ke faɗa: kada ku wahalar da kanku, na ƙoshi, nan ma ya isa. Wa ya taɓa ɗaukar wannan da gaske? Baƙo ya ce a bar dokinsa a rana, sai ka bar shi, gari ya zage ka?

Da hantsin Juma'a Uwaisu ya ari keke ya riga kowa tafiya garin da ake sallar Juma'a, don yana son ya nemi mutanen Gidan Tudu ya ji labari. Ya same su a bakin masallaci. Suka ce Kawu Hussaini ya daina karɓar abinci, sai ruwa. Suka ce tun da aka gaya masa 'yar'uwarsa na hanya ya sa aka fito da shi zaure, duk motsin da ya ji sai ya tambaya ko su ne.

Ya taka keken nan ya dawo da la'asar yana lissafin cewa wunin ranar ya isa ya ƙetare da su fadama. Ya tarar da fili wayam. Can ƙarƙashin tsamiya ya hango ta. An ture ta har gindin bishiyar, an wanke ta tas, an lulluɓe rufin da zana biyu, an ɗora jiƙaƙƙun buhuna a kai don ta sha sanyi. Kafin mai unguwa ya tafi masallaci ya tara samarin gari suka yi wannan aikin, ga shi nan tsaye yana jiran ya ga farin cikin baƙonsa.

"Da ka taɓa rufin nan ɗazu, ɗana, sai ya gasa maka hannu. Yanzu ji yadda ta huce."

Uwaisu ya leƙa ya dubi allurar awo. Tana inda ya bar ta jiya. Ya ɗaga kai gabas, ga hadari ya fara haɗa gira. Ya san fadamar nan tun yana kiwon awaki: ruwan farko in ya sauka da ƙarfi, ba abin da ke ƙetare ta mai taya sai bayan kaka.

Maganganu da yawa suka taso masa har maƙogwaro. Ya dubi dattijon, ya dubi samarin da suka sha wahalar turi, ya haɗiye. Ya ce, "An gode, Baba. Allah ya saka da alheri."

Ya zagaya bayan motar ya tsuguna. Shekara biyu da wani abu yana wannan aiki. A ransa ya sha ganin ranar da Bebiya za ta shiga Gidan Tudu da ƙafarta, shiru, mutane na dafe baki. Ya kuma san in ya yi abin da yake tunani, labarin zai riga shi isa Dutse, kuma har ya mutu ba za a daina ba. Gobe ma rana ce, in hadarin ya watse. In ya watse.

Sai ya ji ƙarar ƙofa. Iya ce ta fito daga cikin gida ba wanda ya kira ta, da ƙullin kayanta da ƙwaryar fura, ta hau ta zauna a bakin gado. Ba ta dube shi ba, ba ta tambayi komai ba. Ta ɗora ƙwaryar a cinya ta riƙe da hannu biyu tana kallon hanya.

Ya miƙe ya je wajen mai unguwa ya ce, "Baba, a ara mini bijimai biyu da igiya."

Fuskar dattijo ta washe. Ya ce, "Ai dama na faɗa wa yaran nan, mota ba ta tafiya ba mai. Kunya ce ta hana ka faɗa tun jiya." Uwaisu ya ce, "Haka ne, Baba."

Haka aka ɗaura wa motar hasken rana shanun huɗa. Mai shanun na gaba da sanda, Uwaisu na riƙe da sitiyari, tagogi a rufe, ɗan abin da ya rage a batir yana juya wa Iya fanka. A hawan fita daga fadama yashi ya riƙe tayoyi, bijiman suka durƙusa suna huci. Ya kashe fankar, ya danna mataki na ɗaya. Igiya ta saki, motar ta turo kanta, shanun suka waiwayo suna mamakin kayan da ke taya su ja. Iska ta fara kaɗa ganye lokacin da suka shiga gari.

Kawu Hussaini na kwance a zaure, an jingina shi da buhu. Ya ji kofato da kukan igiya, ya ce da muryar da ta kusa ƙarewa, "Wane ne kuma ke kai taki gona da yamman nan?"

Iya, da aka riƙo ta har bakin ƙofa, ta ce, "Takin ne ya zo gaishe ka."

Tsohon ya juyo da kai wajen muryar. Hannunsa mai lafiya ya tashi yana laluben iska.

"Hassana?"

Uwaisu ya girma har ya yi furfura bai taɓa jin wani ya kira ta da wannan sunan ba. Ya ga ta zauna a ƙasa ta kama hannun ta ɗora a fuskarta.

Kawu ya ce, "Kin tsufa."

Ta ce, "Kai da ba ka gani, wa ya gaya maka?"

"Na ji a hannu. Duk kin zama ƙashi."

"Naka ƙashin ya fi nawa. Tashi ka sha fura, an ce kana yi wa mutane taurin kai."

Ya sha. Uwaisu ya fita ya kwance shanun, yana cikin naɗe igiya ruwa ya sauko.

Hanya ta rufe kamar yadda ya zata. Iya ta yi daminar a can, shi ya ƙetare fadama da ƙafa ya dawo rumfarsa a motar haya ya bar Bebiya a ƙofar gidan kawunsa, bayan ya tara dattawa ya yi musu rantsuwa cewa ba kara yake yi ba, a bar ta a rana. Kawu Hussaini ya rasu ana noman farko, tana zaune kusa da kansa. Bayan kaka Uwaisu ya je ya dawo da ita, kuma a wannan karon motar da ƙafarta ta zo tun daga Gidan Tudu har Limawa. Wannan ba wanda ke ba da labarinsa. Na shanun kuwa, kafin ya iso har an ƙara masa jaki.

Iya ta yi 'yan shekaru ta bi ɗan'uwanta. Baturan sun tsufa, bai sake saye ba. Motar na nan a ƙofar gidansa, a tsakiyar rana, allunan na ba wa wani ɗan firji wuta, da azumi duk layin nan ruwan sanyinsa muke buɗa baki da shi. Har yau in baƙo ya zo sai ya ba shi shawarar ya matsar da ita inuwa.

Kwanaki na same shi yana goge allunan, ni kuma na faka sabon babur ɗina a gefensa don ya gani. Bakina bai bar ni ba.

Na ce, "Injiniya, ni fa har yau abu ɗaya ke ba ni mamaki. Ka ƙone gemu, ka rushe katangar mutane, ka sha rana shekara biyu, ƙarshe shanu suka kai ka. To me ka ƙera ke nan? Amalanke mai labule?"

Bai daina gugar ba. Ya dubi babur ɗin, ya dube ni.

Ya ce, "Naka da bugu ɗaya yake tashi, ga kwalta har garinku Kafin Hausa. Yaushe rabon da tsohuwarka ta ga fuskarka?"